Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Shekara goma sha ɗaya ina ɗanɗana teku,
ba da harshe ba, da kwalba da ma'auni.
Kullum da asuba Baldovino Millalonco zai tada injin jirginsa,
mu bar tsibirin Chiloé yana barci,
in zura igiya, in jawo ruwa, in rubuta lamba.
Lambar nan sauka take yi a hankali
kamar tsohuwa a kan matakala,
ban taɓa ganin ta juyo ta hau ba.

Teku yana shanye hayaƙinmu, bai taɓa tari ba.
Mai haƙuri ne, shi ya sa muka ɗauka lafiyarsa lau.
Amma 'ya'yan katantanwa da Baldovino ke kiwo a jikin igiya
sun fara gina ɗaki da bango mai kaurin takarda.

Na rubuta rahoto, shafi ɗari biyu da tara.
Wani sakatare ya yaba da kyan bangonsa.
Da na koma bayan wata shida
sai na tarar da shi ƙarƙashin tukunyar fure,
yana tsare tebur daga danshi.
Ko ba komai, ya yi aikin ruwa.

Sai ga takarda daga Valparaíso:
kwamitin majalisa zai saurare ni, minti bakwai.
Shekara goma sha ɗaya a cikin minti bakwai!
Na kwana ina yanka jimloli kamar mai gyaran kifi,
in zubar da kai, in zubar da ƙaya.
Da safe Baldovino ya miƙo mini ƙullin hankici.
Ya ce, "Eliana, bokonki ya yi musu nauyi. Kai musu wannan."

Zauren da sanyi. Kujera tara, mutum biyar.
Ɗaya yana latsa waya, ɗaya yana kallon agogo.
Na nuna zane, layi ya gangara, ba wanda ya bi shi da ido.
A minti na biyar na kwance hankicin.
Ɓawo biyu:
ɗaya daga bayan ɗakin kakarsa, inda ake zubarwa tun kafin a haife ni,
ɗaya na bana.
Na ce wa shugabar kwamiti, "Ranki ya daɗe, matsa ki ji."
Na farko ya ƙi, har yatsanta ya yi fari.
Na biyu ya ce ƙaras,
ya zube gari a kan takardar kasafin kuɗi.
Ta daɗe tana kallon garin. Ba ta hure shi ba.
Mai waya ya kife wayarsa.

Kada in yi muku ƙarya, ba a yi guɗa ba.
Wata takwas aka yi ana ja-in-ja a kan kalma ɗaya.
Mun rubuta "dole", lauyoyi suka mayar "ana iya".
Mun nemi na'ura goma sha biyu masu gadin ruwa dare da rana,
aka ba mu huɗu,
ta huɗun ma sai baɗi, in an ga rara.
Hayaƙin kuwa, aka ce ba hurumin wannan kwamiti ba ne.

Na dawo da rabin gurasa ina jin kunya.
Baldovino ya karanta dokar, leɓensa na motsi,
ya ɗora yatsa a layi na goma sha bakwai.
"Ga sunan ciwon nan an rubuta," in ji shi.
"Abin da gwamnati ta kira da suna
ba ta sake cewa ba ta san shi ba."

Yau ma mun fita da duhu.
Na'ura ta farko tana lilo a kan ruwa, fitilarta na ƙyaftawa.
Na zura igiya. Hannuna ya ƙage don sanyi.
Lambar ta sake sauka kaɗan.
Na rubuta ta da kyau, yadda mai kallon agogo zai iya karantawa.